Ƙafa da Ƙwaƙwalwa: Abin da Tafiyar Tsoho ke Faɗa Mana

Yau karatunmu a kan tsofaffinmu yake. Babu gidan da ba tsoho ko tsohuwa. In ma babu yau, mu ne za mu zama su gobe, in Allah ya ba mu tsawon rai.

Bari in fara da tambaya. Ka taɓa rako wani dattijo daga masallaci zuwa gida? Kuna tafe, sai ka tambaye shi labarin garka. Sai ka ga ya ja ya tsaya cik. Ya ba ka amsa a tsaye. Sai da ya gama magana sannan ya ci gaba da tafiya. Ka sake yin wata tambaya, ya sake tsayawa. Wataƙila ka ce gajiya ce. Wataƙila ka ce halin manya ne. To, wani lokaci ba haka ba ne. Wannan tsayawa tana da magana a cikinta. Ita ce za mu duba yau.

Tsayuwa aiki ce

Mu a ganinmu tsayuwa ba komai ba ce. Ka miƙe, shi ke nan. Amma dubi jariri. Sai ya yi wajen shekara guda yana faɗuwa yana tashi kafin ya iya takawa. Ba ƙafarsa kaɗai ke koyo ba. Kansa ma koyo yake yi.

Ka kafa taɓarya a tsaye ka sake ta. Iska kaɗan za ta kayar da ita. Mutum ma dogo ne a kan ƴan tafin ƙafa biyu. Me ya hana shi faɗuwa? Abin da ya hana shi, akwai masu kai rahoto guda 3 da ke aiki ba dare ba rana.

Na farko ido ne. Shi ke ganin ƙasa, ya ga dutse, ya ga rami.

Na biyu yana can cikin kunne. Kunne ba don ji kaɗai aka yi shi ba. A can ciki akwai ƴan bututu 3 masu lanƙwasa, da ruwa a cikinsu. Akwai kuma wasu ƴan tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In ka juya kai ko ka sunkuya, ruwan nan da tsakuwoyin nan suna motsi. Da haka jiki ke sanin ina ne sama, ina ne ƙasa. Shi ya sa yaro in ya yi ta juyi yana wasa, jiri ke ɗibarsa.

Na uku su ne jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi. Ko ka rufe ido, ka san ko rairayi kake takawa ko tsakuwa. Su ne ke faɗa maka.

Duk waɗannan rahotanni wuri ɗaya suke zuwa, wato ƙwaƙwalwa. Ita ke haɗa su. Ita ke ba naman ƙafa da na baya umurni, wannan ya ɗaure, wancan ya saki. Akwai wani sashe nata a wajen ƙeya, babban aikinsa ke nan. Akwai kuma sashen da ke bayan goshi. Shi ke lura, ya tsara hanya, ya ce kauce wa dutsen can. Wannan sashe na bayan goshi kuwa shi ne dai muke tunani da shi, muke lissafi da shi, muke shirya magana da shi. Ka ga ke nan ƙafa da tunani a akushi ɗaya suke ci.

Taura biyu ba ta taunuwa

Dubi budurwa ta ɗauko ruwa daga rijiya. Tulu a kai, ƙani a baya, tana tafe tana hira tana dariya. Ko ɗigo ba ya zuba. Ita tafiya ba ta cin hankalinta. Ƙafa na aikinta, baki na nasa.

Amma in shekaru sun ja, masu kai rahoton nan suna rauni. Ido ya yi hazo. Jin tafin ƙafa ya ragu. Na cikin kunne ya yi sanyi. Naman cinya ya zube. Sai ya zama dole ƙwaƙwalwa ta ƙara sa hankali a kan kowane taki. In ƙwaƙwalwar tana da ƙarfi, za ta iya riƙe tafiya da magana tare. In ita ma ta fara rauni, to taura biyu ba ta taunuwa. Dole a ajiye ɗaya. Shi ya sa dattijon nan ya tsaya kafin ya ba ka amsa.

Wannan ba zancen baka ba ne. An gwada shi. A garin Umeya na ƙasar Suwidin, wasu ma'aikatan lafiya sun lura da tsofaffi 58. Suna tafe da su, sai su ja su da hira. Mutum 12 daga cikinsu suka riƙa tsayawa in za su yi magana. Aka bi su har wata 6. A cikin 12 ɗin nan, mutum 10 sun faɗi. An buga wannan bincike a shekarar 1997. Tun daga nan likitoci a ƙasashe da yawa suke amfani da wannan dabara. Ba ta bukatar na'ura. Ba ta bukatar kuɗi. Ido kawai take so, da lura.

Ƙafa tana riga baki faɗa

Akwai ciwon da muke kira gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa. Mutum ya manta abin da ya ci ɗazu. Ya ɓace a unguwar da aka haife shi. Ya kasa gane jikansa. Wasu su ce mayu ne, wasu su ce iskoki. A'a, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Kuma ba kowane tsoho ke yin sa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke da shi a duniya. A ƙasar Hausa ma akwai shi. A Zariya, likitoci sun duba tsofaffi 322 a gidajensu, suka sami kusan 3 cikin 100 suna da shi. An buga wannan a 2011.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan. Sau da yawa, kafin mantuwa ta fito fili, tafiya ce ke fara canzawa. Taki ya gajarta. Sauri ya ragu. Mutum ya riƙa jan ƙafa. In zai juya sai ya yi taki huɗu ko biyar. Wannan yakan fara shekaru kafin iyali su lura da mantuwar. Mai gigin tsufa kuma yana faɗuwa kamar ninki biyu na tsohon da ba shi da shi.

Me ya haɗa su? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙananan hanyoyin jini na cikin kai. Ka san yadda muke ban ruwa a garka. Raƙumi ko sa ya jawo guga, ko inji ya turo ruwa, ruwan ya bi babbar hanya, sannan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa kowane fangali. In ƙaramar hanya ta toshe, fangalin albasan da take kai wa ruwa ya bushe. Mai garka ba zai lura ran nan ba. Sai fangali biyar, goma sun bushe sannan a ga asara. Haka jini yake a ƙwaƙwalwa. Hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan hanyoyin nan sannu a hankali, ba tare da zafi ba. Wuraren da ke bushewa kuwa, da su ake tafiya, da su ake tunani.

A ƙasar Japan an duba wannan da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. An tara mutum kusan 1400, yawancinsu sun haura shekara 60. Aka ce kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya, ido buɗe. Waɗanda suka kasa kai daƙiƙa 20, an fi samun ƙananan tabo a ƙwaƙwalwarsu. Kuma sun fi samun maki kaɗan a gwajin tunani. An buga wannan a 2015.

A ƙasar Birazil ma an gwada mutum 1702, masu shekara 51 zuwa 75. Su daƙiƙa 10 kawai aka ce su yi. Mutum 1 cikin 5 ya kasa. A cikin masu shekara 51 zuwa 55, wajen 5 cikin 100 ne suka kasa. A cikin masu 71 zuwa 75, fiye da rabi suka kasa. An bi su wajen shekara 7. A cikin waɗanda suka iya, kusan 5 cikin 100 ne suka rasu. A cikin waɗanda suka kasa, fiye da 17 cikin 100. An buga wannan a 2022.

Kada ka tsorata. Wannan gwaji ba duba ba ne, ba ya faɗin ranar kowa. Rai na hannun Allah. Ciwon gwiwa kaɗai ma yana hana mutum tsayawa da ƙafa ɗaya, alhali kansa garau. Gwajin kamar hayaƙi ne. In ka ga hayaƙi, sai ka je ka duba ko akwai wuta.

Me ya sa abin ya shafe mu a nan Iferwan?

Ka san garinmu. Muna cikin duwatsun Abzin, ga dutsen Tamgak yana kallonmu. In ka fita gida, ko dai rairayin kwari ka taka, ko tsakuwa, ko dutse. Tsofaffinmu ba sa zama. Wannan yana garka, wancan yana bin awaki, waccan tana neman itace. A garka akwai bakin rijiya, akwai hanyoyin ruwa masu santsi. Da dare kuma ga duhu.

In tsoho ya faɗi ya karya ƙugu, abin ba ƙarami ba ne. Ƙashin tsufa ba ya saurin haɗewa. Daga nan zuwa Arlit wajen kilomita 150 ne. Zuwa Agadas kuwa wajen 300. Ka tuna wahalar ɗaukar mai karaya a mota duk wannan nisa. Ka tuna kuɗin da za a kashe. Wanda ya kwanta wata da watanni, ƙarfinsa yana zubewa, hankalinsa ma yakan ƙara ruɗewa. Da yawa ba sa komawa yadda suke.

Faɗuwa kuwa ba abin mamaki ba ce ga tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin masu shekara 65 zuwa sama, wajen mutum 1 cikin 3 yana faɗuwa kowace shekara. A rahotonta na 2021 ta ce faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 sun fi yawa a ciki. Fiye da 80 cikin 100 na waɗannan rasuwa a ƙasashe marasa ƙarfi suke faruwa, irin namu.

Ni kaina na ga wannan a gidanmu. Wata gwaggona ta fara tafiya tana dafa bango. Muka ce tsufa ne. Ta fara tsayawa in za ta amsa gaisuwa. Muka ce ladabi ne. Ranar da ta faɗi a bakin murhu, sannan muka kai ta likita. Aka auna jininta, aka ce ya hau ƙwarai, kuma ya daɗe a haka. Da mun san abin da na rubuta muku yau, da mun kai ta tun shekara biyu kafin nan.

Abin da za ka lura da shi

Ba sai ka zama likita ba. Ka sa ido a kan waɗannan:

1. Yana tsayawa in zai yi magana a kan hanya?
2. Tafiyarsa ta ragu ƙwarai a cikin shekara guda?
3. Yana jan ƙafa, ko yana tangaɗi, ko yana dafa bango?
4. In zai tashi daga tabarma ko daga sujada, sai an kama shi?
5. Ya faɗi sau biyu ko fiye a cikin shekara?
6. Ya fara maimaita tambaya ɗaya, ko ya rikice a lissafin kuɗin da ya saba yi?

In kana son gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya, ka yi da ladabi. Babba ba a sa shi abu kamar yaro. Ka ce, "Baba, ga wani abu da muka karanta a aji, zo mu gwada tare." Ku sami wuri mai daidai, kusa da bango. Ya cire takalmi. Kai ka tsaya dab da shi, hannunka a shirye. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, kai kuma ka ƙirga daga 1 zuwa 10 a hankali. A ba shi dama sau 3. Wanda ba ya iya tafiya sai da sanda, ko mai jiri, kada a sa shi.

In ka ga biyu ko uku daga cikin alamun nan, ku je gidan likita. A auna jini. A auna suga. A duba ido da kunne. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, har da na kasuwa da na gargajiya. Wasu magunguna, musamman na barci, suna sa jiri da ruɗewa.

Alamun da ba a jira

Akwai abin da ba a kwana da shi. In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko mutum ya kasa tsayuwa nan take, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nemi likita a lokacin.

Ga wani kuma da mutane ba su sani ba. Tsoho ya faɗi ya bugi kai. Ya tashi ya ce ba komai. Bayan sati biyu, ko wata guda, ko fiye, sai ya fara ciwon kai, yawan barci, ruɗewa, tangaɗi. Wani lokaci jini ne ke taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai. Wannan ana yi masa aiki a babban asibiti, mutum ya warke. Saboda haka in kun je likita, kada ku manta ku faɗi cewa ya taɓa faɗuwa, ko da an daɗe.

Rigakafi ya fi magani

Labari mai daɗi shi ne, ƙafa tana koyo ko da an tsufa. An haɗa bincike masu yawa a 2019, aka ga motsa jiki yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 1 cikin 4. Wanda ya fi amfani shi ne na koyon tsayuwa da na tashi da zama. Ga kaɗan da za a iya yi a tsakar gida:

A zauna a kujera mai ƙarfi, a tashi, a koma, sau 10. A dafa bango a ɗaga dugadugai, a sauke, sau 10. A ja layi a ƙasa, a bi shi, dunduniya tana taɓa yatsun ɗayar ƙafar, hannu yana kusa da bango. A yi haka aƙalla kwana 3 a sati. A fara da kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada mu ce don ƙauna za mu zaunar da tsoho wuri ɗaya. "Inna, zauna, kada ki faɗi." Wannan magana da kyakkyawar niyya ake yin ta, amma zama yana cinye ƙarfin ƙafa. Ƙafa in ta yi rauni, faɗuwa ta fi sauƙi. Gara a raka ta, ta taka zuwa gidan maƙwabta, ta sha shayi, ta yi hira.

Sannan a gyara gida. A kwashe duwatsu da igiyoyi da turakun dabbobi daga hanyar ban ɗaki. A ajiye fitila kusa da shimfiɗa. A samo takalmi mai kama dunduniya, ba silifa mai santsi ba. Sanda ba abin kunya ba ce, ƙafa ta uku ce. In za a tashi daga kwance, a fara zama tukuna, a ɗan jira, sannan a miƙe. Tashi farat ɗaya yana sa jini ya sauka daga kai, ido ya rufe. Lokacin zafi kuma a yawaita ba tsofaffi ruwa, don su ba su cika jin ƙishirwa ba.

In ido ya yi yana, a nemi aiki. Aikin yanar ido gajere ne, kuma yana maido da gani. Mai hawan jini ya riƙe maganinsa kullum, ya rage gishiri. Ba a barin magani don an ji sauƙi.

Abin da ya gyara ƙafa yana gyara kai. A 2024 wani kwamitin masana na duniya ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin gigin tsufa. Suka ce in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan 45 cikin 100 na ciwon. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin motsa jiki, raunin ji, raunin gani, buguwar kai, da zaman kaɗaici. Akwai kuma ƙarancin karatu tun ƙuruciya. To, ka ga sa yara makaranta ma rigakafi ne. Kai kuma da kake haɗa baƙaƙen nan yanzu, aiki kake ba ƙwaƙwalwarka. Kada ka bari.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffinmu su suka san tarihin rijiyoyi, su suka san hanyoyin dutse, su ke sulhu in an yi faɗa. Su suka riƙe hannunmu lokacin da muke koyon tafiya. Yau in ka koma gida, ka raka Baba ko Inna ƴar tafiya. Ka ja su da hira. Kunnenka yana wajen magana, idonka yana wajen ƙafa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne masu kai rahoto 3 da ke hana mu faɗuwa?
2. Me ya sa wani tsoho ke tsayawa in zai yi magana?
3. A binciken Suwidin, mutum nawa suka faɗi a cikin 12?
4. Faɗi alamu 2 da ba a jira da su.
5. Rubuta abu 3 da za ka gyara a gidanku a wannan sati.